Shugabancin Asibiti Ba Tukwici Ba Ne

Akwai wata sana'a da muka yanke wa hukuncin cewa ba ta buƙatar koyo, ita ce riƙon asibiti. Telan da zai ɗinka maka rigar salla sai ka tambayi wurin wa ya koya. Direban da zai ɗauke ka daga Maraɗi zuwa Yamai sai ya nuna takardar tuƙi a kowane shinge. Amma wanda za a danƙa wa asibiti mai gado ɗaruruwa, da ma'aikata masu ɗimbin yawa, da kuɗin da ya fi na wata ƙaramar hukuma, tambaya biyu kawai ake yi a kansa. Ta farko: likita ne? Ta biyu, wadda ba a yin ta da ƙarfi: yaron wa ne?

Ni kuwa ra'ayina shi ne, riƙon asibiti ilimi ne mai zaman kansa, yana da makarantunsa da digirinsa, kuma duk wanda yake son wannan kujera, likita ne ko ba likita ba, dole ya koma aji ya koye shi. Digiri na biyu a fannin tafiyar da ayyukan kiwon lafiya, wanda muke kira masta, ya kamata ya zama mabuɗin ofishin darakta. Yanzu kuwa mabuɗin yana aljihun ƴan siyasa, suna miƙa shi tamkar goron biki.

Mu fara da abin da kowa ya gani da idonsa. Mace ta zo da naƙuda mai gardama, likitan fiɗa yana nan, hannunsa da lafiya, iliminsa bai ragu ba, amma babu jini a firji. Ko akwai jini, wuta ta ɗauke, injin janareto kuma babu mai. Ko akwai mai, tukunyar iskar numfashi ta ƙare tun jiya ba wanda ya aika a ciko. Ko duk waɗannan sun samu, wanda yake riƙe da mabuɗin ɗakin magani ya tafi gida da shi. A cikin abubuwan nan huɗu wanne ne ciwo? Wanne ne ake koyarwa a ajin sanin sassan jikin ɗan Adam? Babu ko ɗaya. Dukkansu lissafi ne, da tsari, da sa ido. Idan matar nan ta rasu za a rubuta cewa jini ne ya ɓalle mata, dangi su ce kwana ne ya ƙare, a yi addu'a a watse. Mun yarda kowane rai da ajalinsa. Amma shi wanda aka ba amanar cika firjin nan, ajali bai ɗauke masa tambaya ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe shirin da masu sauraro ke bugo waya ya san cewa da zarar an taɓo maganar asibiti layi ba ya hutawa. Kuma kusan kullum mutum ɗaya ake tsine wa: malamar jinya mai ɗaure fuska, ko unguwar zoma mai tsawa, ko majon da ya rubuta takardar magani ya ce a je waje a sayo. Ban ce ba su da laifi ba. Tun 2003 masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka fitar da wani bincike a kan yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar na yammacin Afirka, wato Abijan da Bamako da Konakiri da Dakar da Yamai, kuma abin da suka gano na wulaƙanci da fifita sanayya bai yi wa kowa daɗin ji ba. Sai dai mu tambayi kanmu: wa ya tsara aikin da ya bar mace ɗaya da ɗaki cike da marasa lafiya tun magariba har hantsi? Wa ya kamata ya san wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba? Wa zai hukunta mai karɓar na goro, ya yaba wa mai haƙuri? An bar jaki ana dukan taiki. Wadda ke bakin ƙofa ita ke shan zagi, wanda ke ofis mai sanyi kuwa ko sunansa mai bugo waya bai sani ba.

To me ake koyarwa a wannan masta da wasu ke yi wa kallon karatun masu gudun allura? Ana koyar da yadda ake tsara kasafin kuɗi da yadda ake bin sawunsa. Ana koyar da ƙa'idar sayen kaya da ba da kwangila. Ana koyar da dokar aiki da rabon ma'aikata, da tattalin arzikin kiwon lafiya, da inshora, da yadda ake karanta alƙaluman cututtuka a gane abin da ke tafe, da yadda ake auna ingancin aiki. Bari in ɗauki ɗaya daga ciki, mafi sauƙi, wato ajiyar magani.

A ce wata CSI tana ƙarar da kwali 100 na maganin zazzaɓin cizon sauro a wata ɗaya lokacin rani, amma a Agusta da Satumba sai ta ƙarar da 400. A ce kuma daga ranar da aka tura takardar neman magani zuwa ranar da mota za ta sauke shi sati shida ne. Wanda ya koyi aikin ya san cewa tun a watan Yuni zai tura buƙatarsa, da lissafin damina, ya kuma ɗora wani kaso na ko-ta-kwana saboda hanya tana iya yankewa. Wanda bai koya ba sai ya ga kanta ta kusa zama wayam sannan ya ɗauki biro, maganin ya iso a Oktoba bayan an gama binne yaran da za a binne. Damina ba ta zuwa da sata. Kowace shekara lokacinta ɗaya, sauronta ɗaya. Asibitin da zazzaɓin damina ya zo wa bagatatan, ba sauro ne ya ci shi da yaƙi ba, rashin lissafi ne.

Wannan a ƙaramin wuri ke nan. A babban wuri kuwa tarihinmu na kusa ya ishe mu darasi. A 2005 gwamnatin marigayi Tanja Mamadu ta mai da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da tsarin iyali. Niyya ce mai kyau, kuma ta yi amfani: mata sun yi ta tururuwa da ƴaƴansu zuwa asibiti. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ya lissafa wannan kyauta cikin dalilai, tare da gidan sauro da yaƙi da tamowa. Ba wanda zai raina wannan.

Amma yaya aka tsara biyan kuɗin? Asibiti zai yi magani kyauta, ya cika takardu, takardun su haura gunduma, su haura jiha, su isa ma'aikatar lafiya, daga nan baitulmali ya biya. Ga shi kuwa tun bayan shirin Bamako na 1987 ƙananan asibitocinmu da ɗan abin da marasa lafiya ke biya suke sake sayo magani. Da aka ɗauke wannan ɗan abin, baitulmali kuma ya riƙa jinkirin watanni har shekaru, sai bashi ya taru ya kai biliyoyin sefa, kantocin magani suka bushe. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi diddigin wannan lamari sun rubuta shi dalla-dalla. Abin da uwa ta samu a ƙarshe shi ne ganin likita kyauta, da takardar magani a hannu, da kwatancen farmasin da ke tsallaken titi. An yi shelar kyauta kafin a zauna a lissafa nawa za ta ci, daga ina kuɗin zai fito, kuma kwana nawa takarda za ta yi a kowane tebur. Wannan lissafin shi ne ainihin abin da ake koyarwa a karatun da nake magana a kai. Ashe ba asibiti kaɗai ke buƙatar masu shi ba, har ma'aikatar kanta.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. A watan Agustan 2024 hukumomi sun rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da na kwanciya da rabi a asibitocin gwamnati, aka ce haihuwa kyauta, aka kuma soke jaka 150 na sefa da masu wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara musu. Talaka ya yi murna, kuma ya cancanci ya yi. Amma rabin da aka yafe ba ɓacewa ya yi ba: da shi ake sayen safar hannu da sinadarin gwaji da man janareto, da shi ake biyan masu shara da ma'aikatan wucin gadi. Dole wani ya cike gurbin, dole kuma a samu wanda ya iya lissafa girman gurbin a kowane asibiti, ya rubuta shi da hujja, ya bi shi har ya fito. In babu irin waɗannan mutane, abin da ya ci kyautar 2006 yana nan yana jiran ragin 2024. Haka kuma lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, iyakoki suka rufe, kowane shugaban asibiti ya shiga jarrabawar da ba a koya masa a ajin likitanci ba: litar mai nawa gare ka, kwana nawa za ta kai ka, wane ɗaki za ka kashe wa wuta don firjin rigakafi ya rayu?

Yanzu mu zo kan al'adar ɗauko likitan da ya fi kowa iya aiki a ɗora shi kan kujera don a girmama shi. Mu ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 25, wadda ba ta kai likita ɗaya ga mutum dubu goma ba. Kafin a samu ƙwararren likitan fiɗa sai an yi shekara bakwai ko takwas ana karatun likitanci, a ƙara huɗu ko biyar na ƙwarewa. Bayan duk wannan wahala da kuɗin talakawa, sai mu cire masa safar fiɗa mu miƙa masa hatimi, ya wuni yana sa hannu a takardar sayen taya da sasanta rigimar masu gadi. Mun yi asara biyu a ciniki ɗaya: mun rasa gwanin fiɗa, mun samu ɗan koyo a ofis. Kuma ɗan koyon da ba ya iya cewa bai sani ba, domin an saba ce masa farfesa. Daga nan sai akanta da mai sayen kaya su gane maigida ba ya karanta alƙaluma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san amsar da likitoci za su ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za su ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa tsayawa a kan mara lafiya ba, ta yaya zai san abin da ya fi gaggawa? Za su ce ɗan boko mai lissafi zai mai da asibiti kanti, ya riƙa ƙirga riba alhali mutane na mutuwa. Za su kawo misalin Amurka, inda manyan asibitoci irin su Mayo da Cleveland likitoci ke jagorantarsu, har wata mai bincike, Amanda Goodall, ta nuna a 2011 cewa cikin asibitocin da suka yi fice a can, waɗanda likitoci ke shugabanta sun fi samun maki. Duk na ji, kuma ban musa ba.

Sai dai a ƙarasa labarin. A Mayo tsarinsu shi ne a haɗa likita shugaba da ƙwararren mai gudanarwa su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma likitan sai ya bi matakai na koyon shugabanci kafin ya kai sama. Ba a wayi gari aka kira shi a waya aka ce an naɗa shi ba. Don haka misalin nasu hujjata ce, ba tasu ba. Ni ban ce a kori likita daga kujera ba. Cewa na yi farar riga ita kaɗai ba ta isa ba. Likitan da ya ƙara wannan karatu a kan nasa, ya haɗa ido biyu, babu wanda zan fifita a kansa. Abin da na ƙi shi ne a ce takardar likitanci ta wadatar, alhali likitan da kansa ba zai yarda masanin tattalin arziki ya shiga ɗakin fiɗa don kawai yana da digiri uku ba. In fiɗa sai wanda ya koya, kasafin kuɗi ma sai wanda ya koya.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun nuna mana inda wannan gardama ke kaiwa in aka mai da ita rigimar gado. Dokar soja mai lamba 10 ta 1985 ta keɓe shugabancin asibitocin koyarwa ga likitoci. Tun daga nan sauran ma'aikatan lafiya, malaman jinya da masu haɗa magunguna da masu gwaji, waɗanda daga baya suka dunƙule a ƙarƙashin JOHESU, suke ganin an mai da su ƴan bora. Rigimar albashi da ta muƙami ta sha rufe asibitocin gwamnati, kamar yajin aikin 2018 da ya ɗauki kusan sati shida. Kowane ɓangare yana cewa kujerar tamu ce. Ba ka cika jin mai cewa a ba wanda ya iya ba. Shi kuwa mara lafiya, da ba shi da ƙungiya, shi ke kwana a baranda.

Wasu ƙasashe sun daɗe da raba wannan gardama. A Faransa, wadda muka kwafi rabin tsarin mulkinmu daga gare ta, daraktan asibiti aiki ne mai zaman kansa: sai ka ci gasar shiga, ka yi kimanin shekara biyu a makarantar koyon aikin lafiyar jama'a da ke birnin Rennes, likitoci kuma suna da majalisarsu a cikin asibitin mai faɗa a ji kan harkar magani. Mun kwaso musu hatimi da yawan takardu, muka baro musu wannan. A Ingila, a 1983, gwamnatin Margaret Thatcher ta sa Roy Griffiths, wani jigo a kamfanin kantunan Sainsbury's, ya duba asibitocin ƙasar. Babban abin da ya gano shi ne da wuya ka sami mutum ɗaya da za ka nuna ka ce shi ke da alhakin komai. Daga nan aka shigo da manajoji. An soki tsarin, har gobe ana sukarsa, amma tambayar da ya yi tana nan daram, kuma ita ce tamu a yau: in abu ya lalace, wa za a kama?

Ba sai mun tafi Turai ba ma. A Dakar akwai CESAG, makarantar da ke ƙarƙashin kulawar babban bankin BCEAO, ta daɗe tana ba da digiri na biyu a fannin tafiyar da ayyukan lafiya da tattalin arzikinsa. A Gana, makarantar kasuwanci ta jami'ar Legon tana da sashen da ke koyar da tafiyar da ayyukan kiwon lafiya. Ilimin yana nan kusa da mu, da harshen da muka iya, da misalan ƙasashe masu irin talaucinmu.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu riƙe da wannan takarda su ma ina da magana da su. Akwai wanda ya je neman masta ba don asibiti ba, sai don ƙarin girma a takardar albashi. Akwai makarantun kuɗi da ke raba digiri kamar katin ɗaurin aure, ɗalibi ya kwafo kundinsa daga intanet, a tafa masa, a ɗauki hoto. Akwai wanda ya dawo da ilimin gaske, amma ya gano cewa taron bita a otal ya fi zama a asibitin gunduma maiƙo, sai ya zama ɗan yawon karɓar alawus, bakinsa cike da manyan kalmomin masu ba da agaji, ƙafarsa ba ta taɓa taka ɗakin haihuwa da tsakar dare ba. Irin waɗannan su ke ba masu raina karatun hujja. Takardar da ba ta sa firji ya cika da jini ba, ba ta fi takardar ƙunshe ƙosai ba.

Akwai kuma na kirki da gwamnati da kanta take kora. Mutum ya je Dakar ya yi karatu, ya dawo da zumuɗi, sai a ajiye shi a wani lungu yana jera fayil, a ɗora masa wanda ko kasafin gidansa bai iya ba. Shekara biyu ya gaji, ƙungiyar agaji ta ɗauke shi da albashi mai tsoka. Daga nan a ce matasa ba su da kishin ƙasa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba na neman abin da ya fi ƙarfinmu. Na farko, a rubuta a doka cewa ba mai riƙe asibitin gunduma ko na jiha ko na ƙasa sai yana da wannan horo, a ba waɗanda ke kan kujera yanzu wa'adi su je su yi. Na biyu, kujerar ta zama ta gasa: a yi shela, a yi jarrabawa, a ba wanda ya ci wa'adi da yarjejeniya a rubuce, a riƙa auna shi da abin da ake iya ƙirgawa, kamar kwana nawa muhimman magunguna suka yanke a shekara, da awa nawa mai naƙuda ke jira kafin a shiga da ita fiɗa. Na uku, jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram, da yake duk suna da tsangayar kiwon lafiya, su ɗauki wannan karatu da muhimmanci, su buɗe ƙofarsa ga likita da malamin jinya da unguwar zoma da mai haɗa magani da akanta, kuma kada a ba kowa takarda sai ya yi watanni a asibitin karkara ya warware wata matsala ta zahiri. Na huɗu, kowane babban asibiti ya zama da darakta da kuma shugaban likitoci, kowa da iyakarsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyar, a riƙa liƙa kuɗin shiga da na fita a bakin ƙofa, kwamitin jama'a da ke sa ido ya zama mai haƙori, ba ƴan amshin shata ba.

Na san wanda wannan tsari zai fi ɓata wa rai. Ba likita ba ne. Mai naɗi ne, wanda kujerar asibiti ke cikin abin da yake saka wa magoya baya da shi. Daraktan da ya hau ta hanyar gasa yana iya cewa a'a idan aka aiko masa da ɗan kwangila daga sama. Wanda aka ba tukwici kuwa ba ya da bakin musu, domin wanda ya ba shi yana iya karɓewa gobe. Shi ya sa za ku ji ana ta yabon gina sababbin asibitoci, ana yanka kyalle, amma maganar wanda zai riƙe su ba a son a tayar. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, kuma har yau muna bin wannan bashi. Mu ci gaba da binsa. Amma ko an ba mu shi cif, in tulun a fashe yake, ɗiban ruwa wahala ce kawai.

Ku kuma ƴan uwa masu bugo waya, in kun tashi kokawa a gaba, ku ƙara tambaya ɗaya a kan wadda kuka saba. Bayan kun faɗi abin da malamar jinya ta yi muku, ku tambayi sunan mai riƙe da asibitin, da abin da ya karanta, da yadda aka yi ya hau. Ranar da shugabanni suka ga talaka ya fara wannan tambaya, ranar za su fara tunani kafin su yi naɗi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya kuma haɗa mu da shugabannin da suka san nauyin amana.